Tsohuwar Rediyo da Masu Jinyarta

Duk wanda ya taɓa kwana a Zakirai, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Gabasawa, ya san sautin da ke biyo bayan sallar asuba. Kafin turmi ya fara amsa taɓarya, za ka jiyo shuuu da ƙarar tsartuwa daga wani zaure. Wani dattijo ne ke murɗa rediyo a hankali yana lalubar London, don kada labaran ƙarfe shida da rabi su wuce shi. Ƙasa ce mai cike da jama'a, gona na jingine da gona, gida ba ya nisa da gida, saboda haka rediyo ɗaya takan ishi maƙwabta uku labari. Da damina a rataye ta a reshen bishiya ko a jingine ta da kunya, ana noma tana magana. Makiyayi ma ya saɓa ta a kafaɗa tare da sandarsa da gorar ruwansa.

A Turai da Amurka irin waɗannan tsofaffin akwatuna sun zama abin kafa ƙungiya. A Amurka akwai Antique Wireless Association, wadda aka kafa a 1952, tana da gidan tarihi nata na kanta a garin Bloomfield na jihar New York. A Ingila akwai British Vintage Wireless Society tun 1976. Aikinsu shi ne tattara tsofaffin rediyoyi, su gyara su har su yi magana, su buga mujallu, su ci kasuwar musayar kayan gyara, su kuma buɗe wa jama'a ƙofa a zo a gani. A wurinmu son rediyo bai taɓa buƙatar a kafa masa ƙungiya ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ajiya. Muna jin rediyo fiye da su, amma idan ta mutu sai a miƙa wa yara su yi mota da ita, ko 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.

Alhali kuwa tarihin da ke cikinta ba ƙarami ba ne. Rediyon farko da Kano ta sani, wadda aka buɗe a 1944, ba ta kama tasha daga iska. Waya ce ake ja daga ofis zuwa wani akwati mai lasifika a gidan wanda ya biya kuɗin haya, da wasu lasifikoki da aka kafa a wuraren taruwar jama'a. Ba ka da zaɓi: abin da aka turo shi za ka ji, iyakacinka ka ƙara murya ko ka rage. Kafin wannan, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Bello Dandago da Isa Kaita suna can Ankara ta ƙasar Gana suna karanta labaran yaƙi da Hausa. Shi ya sa har yau ake kiran hedikwatar Rediyon Kano da Gidan Bello Dandago. Matasa da yawa suna wucewa ta gaban ginin kullum ba tare da sun san mai sunan ma'aikacin rediyo ne tun kafin a haifi iyayensu ba.

Ita rediyo mai waya ba ta iya zuwa inda waya ba ta kai ba, don haka ƙauye bai amfana da ita ba. Akwatunan da ke kama tasha da kansu a wancan zamani kuwa manya ne masu nauyi, cikinsu ƙananan kwalabe ne masu ja kamar garwashi da ake kira bawul. Sai ka kunna ka jira su yi zafi tukuna murya ta fito, ga su da shan wuta. Abin da ya sauke rediyo daga kan teburin attajiri ya kai ta bakin gona shi ne wani ɗan ƙanƙanin abu, tiransisto, da aka ƙirƙira a Amurka a 1947. Ba ya jiran zafi, ba ya fashewa, batir huɗu sun ishe shi makonni. Rediyon aljihu ta farko mai amfani da shi ta shiga kasuwa a 1954, ba a jima ba kamfanonin Japan suka cika duniya da irinta. Wannan ya zo daidai da zamanin da gyaɗa ke da daraja, jirgin ƙasa na layin Nguru yana kwasarta ta garuruwa irin su Zakirai zuwa Kano inda ake gina dalarta. Manomin da kaka ta yi wa kyau, bayan keke sai rediyo. Matar gida ta ɗinka mata riga, a yi mata wuri a kan taska kusa da jeren kwanuka.

Muryoyin da za a ji a cikinta ma a lokacin suka yawaita. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti goma sha biyar, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Jamus da Sin suka fara Hausa a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979. Tashoshi masu zaman kansu sai bayan dokar 1992, kuma Kano ba ta sami gidan rediyon Freedom ba sai a 2003.

Akwai tambayar da yara kan yi, manya su amsa da "ikon Allah", su yi shiru. Me ya sa tashar da ke London ko Bon take fitowa tas, amma wata tashar FM da ke jiha maƙwabciya ba ta kamuwa? Ikon Allah ne kam, sai dai yana da bayani. Daga kimanin kilomita 60 sama da kanmu zuwa ɗaruruwan kilomita akwai wani sashe na sararin sama da hasken rana ke cajawa da lantarki. Saƙon gajeren zango idan ya tashi ya doki wannan rufi sai ya lanƙwaso ya dawo ƙasa a wuri mai nisan gaske, wani lokaci ya sake tashi ya sake dawowa, kamar ƙwallon roba tsakanin daɓe da rufin ɗaki. Saƙon FM kuwa huda rufin yake yi ya wuce, don haka iyakarsa inda dogon ƙarfen tashar ke iya hangowa. Matsakaicin zango yana tsakani: da rana ƙasan wannan rufi yana shanye shi, amma da rana ta faɗi wannan ɓangare ya watse, sai tashoshin nesa su fara kutsowa. Dalilin da ya sa ke nan da dare allurar rediyo kan cika da harsunan da ba ka ji da azahar. Dattijon da ya ce maka da safe a nemi tasha a mita kaza, da rana a koma mita kaza, kimiyya yake karantar da kai, ko da bai taɓa shiga aji ba. Ita muryar London ɗin ma sau da yawa ba daga London take tasowa kai tsaye ba. BBC na da tashar cilla shirye-shirye a tsibirin Ascension, tsakiyar tekun Atilantika, tun 1966.

Wannan duniya ta gajeren zango tana tsukewa. Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. A watan Maris na 2025 shirye-shiryen Hausa na Muryar Amurka suka tsaya cak, masu sauraro suka yi ta murɗa allura a inda suka saba ba su ji kowa ba. Wanda ya ga haka ya san murya ma tana iya ɓacewa dare ɗaya.

Idan ana neman abin da ya yi kama da waɗancan ƙungiyoyi na Turai a ƙasar Hausa, ba sai an je da nisa ba. Masu sauraro sun daɗe da haɗa kansu. Zamanin da shirin Zaɓi Sonka ke tashe a Rediyon Kaduna, samari da 'yan mata a garuruwa da ƙauyuka sun kafa kulob-kulob na masu gaisuwa, suna sayen kati, suna jera sunayen abokai, suna ziyartar juna daga gari zuwa gari, mutanen da ba abin da ya haɗa su sai jin sunan juna a iska. Wasu sun yi shekaru suna aika wasiƙa zuwa shirin Amsoshin Takardunku. A Nijar abin ya fi haka tsari. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ɗin rediyo ta ƙasa, inda jagora, galibi malamin makaranta, zai tara mutanen gari su saurari shiri a kan noma ko lafiya, a tattauna, ya ɗauki ra'ayoyinsu a rikoda ya aika Yamai, a sako muryoyinsu a shiri na gaba. Talaka ya ji kansa a akwati. A ganina wannan ya fi tara akwatuna a gilashi daraja nesa ba kusa ba, domin ya ɗauki mai sauraro a matsayin mai abin faɗa.

Sai kuma mai gyara. Kusan kowace kasuwar ƙauye tana da shi: tebur ɗaya, tarin gawarwakin rediyo a ƙarƙashi, ƙarfen narka dalma a cikin garwashi saboda ba a dogara da wutar lantarki ba. Ba shi da takardar zanen cikin akwatin, kunnensa da ɗan yatsansa ne ma'auni. Zai ciro lasifika daga National ya dasa wa Sharp, ya ɗaure zaren allura da ya tsinke, ya gane kondensa ta bushe daga irin gurnanin da rediyo ke yi. Shi zai gaya maka babban makashin rediyo ba tsufa ba ne, batir ne da aka manta a ciki ya zubo da ruwa ya cinye ƙarafa. (Masu shanya batir a rana don ya ƙara kwana biyu, ku ji da kyau.) Amma sana'ar tana ƙarewa a hannunsa. Ƙananan rediyoyin Sin irin su Kchibo sun yi arahar da gyaransu bai kai wahalarsa ba, sababbin ma da sola da memori suke zuwa, yaran da da za su zauna koyo kuwa sun koma gyaran waya. Ba laifinsu ba ne, can kuɗin yake. Sai dai duk tsohon mai gyara da aka kai makwanci, an rufe shi da ilimin da ba a rubuta ko layi ɗaya nasa ba.

Wanda ya gaji rediyo mai bawul daga kakansa, kada ya yi gaggawar cusa ta a soket don ya ji ko tana da rai. Kayan cikinta sun shekara da shekaru ba su ga wuta ba, suna iya ƙonewa nan take, kuma akwai wuta mai ƙarfin kisa a cikin irinsu. A kai wa wanda ya sani.

Duk da haka akwati ba shi ne babbar asara ba. Philips ko Grundig da ta lalace a Zakirai tana da 'yan'uwa dubbai a gidajen tarihin duniya. Abin da ba shi da na biyu shi ne abin da ya fito daga cikinta. Waƙoƙin da Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos suka yi a ɗakunan ɗaukar murya, wasannin Samanja, Jakar Magori, tafsirin azumi, hirarraki da sarakuna da 'yan siyasar Jamhuriya ta Farko, jawabin da Manjo Nzeogwu ya yi a Rediyon Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966: duk a kan zaren maganaɗisu aka ɗauke su. Shi kuwa zare ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura, mu kuma Allah ya hore mana ukun duka. Idan ya daɗe, sinadarin da ke riƙe da muryar yakan jiƙe ya yi danƙo, ya manne, ya goge a kan na'ura lokacin da ake juya shi. Wani irin kuma ya fara warin tsami ya karye. Ga al'adar gidajen rediyo a ko'ina a duniya ta goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kai saboda tsadar zare. Na'urorin da ke juya manyan faifan ma an daina ƙera irinsu da yawa. Hukumar UNESCO ta ware 27 ga Oktoba don tunatar da duniya wannan haɗari, kamar yadda ta ware 13 ga Fabrairu ranar rediyo. Mukan yi bikin ta biyun da jawabai, ta farkon ta wuce shiru.

A nan ne ƙauye ke da abin da birni ba shi da shi. Tun da rediyo mai kaset ta shigo, mutane suke danna jan maɓalli idan an sako waƙar da suke so, ko wa'azi, ko sanarwar da ta shafe su. Waɗannan kaset-kaset suna nan a cikin adaka da tsofaffin kwalla, wasu da rubutun ajami a jikinsu. Ba mamaki wani shirin da ya ɓace a ma'ajiyar tashar da ta yi shi yana kwance a ɗakin wata tsohuwa a Gabasawa, haɗe da kukan zakara da ya shiga cikin ɗaukar.

Aikin ceto su bai fi ƙarfin majalisar mai shayi guda ba, in ta sa kanta. Rikoda mai lafiya, 'yar igiyar sauti, kwamfuta ɗaya ko waya mai kyau, da littafin da za a rubuta sunan mai kaset da shekarar da yake zaton ya ɗauka. A kwafa, a mayar wa mai abu abinsa, domin tsoron rabuwa da kaya ne ke sa mutane ɓoyewa. Kwafi ɗaya ya zauna a gari, ɗaya a miƙa wa masu ajiya irin su Gidan Arewa a Kaduna ko Jami'ar Bayero. Akwatunan da mai gyara ya farfaɗo da su kuwa a ɗauke su ranar wata Alhamis a kai makarantar firamare, a buɗe bayansu, a bar yara su ga inda murya ke bi, a ja waya a ɗaura a bishiyar darbejiya su ji yadda tashar da ba ta fita ta fito. A zo da dattijon nan na zaure, a ce, "Baba, a wace rediyo ka ji rasuwar Sardauna, kuma wa ke zaune kusa da kai?" Sannan a kunna rikoda, a yi shiru.