Kujerar da Ke Komawa Gado: Kafin Ka Biya Kuɗi, Kwanta a Kai

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau zan yi magana ne a kan kujerar yadi da ake buɗe ta ta koma gado, wadda matasa suka fara sawa a falo, iyaye kuma suka fara haɗawa cikin kayan ɗakin amarya. Mu nan yankin Karaye da Rogo baƙo ba ya yanke mana. Biki ne, suna ne, ta'aziyya ce, ko 'yan uwa daga Kano ko Zariya sun zo Sallah dare ya yi musu. Gidajen da matasa ke ginawa yanzu kuwa yawanci ciki da falo ne, babu zaure ko shagon baƙi irin na gidajen iyayenmu. To ina surukarka za ta kwana in ta zo jego? Nan wannan kujera ke da rana.

Shawarata ɗaya ce, sauran duk bayani ne a kanta: ka saye ta a matsayin gado. Yawancinmu kyan yadi muke kallo, mu zauna minti biyu, mu ce ta yi. Amma baƙonka awa bakwai zai yi a kanta. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, sai dai dattijon da ya tashi da ciwon baya zai daɗe bai manta gidanka ba.

Mu fara da iri. Uku na fi gani. Akwai wadda jinginar bayanta ke kwantawa ta haɗu da mazauni su zama shimfiɗa ɗaya. Akwai wadda ake jawo wani sashe daga ƙasa kamar durowa. Sai kuma 'yar waje mai ƙarafa a naɗe da siririyar katifa a ciki. Ni ga mutumin Karaye ko Rogo, biyun farko nake ba da shawara, saboda in wani abu ya balle, kafinta ko mai walda na cikin gari zai gyara maka a yini ɗaya. Ta ukun kuwa in ƙarfenta ya lanƙwashe, sai ka yi ta yawon neman irinsa a Kano.

Sai awo. Ɗauki tef ka auna abu uku tun kana gida: faɗin ƙofar falonka, bangon da kujerar za ta zauna, da filin da zai rage in an buɗe ta. Babban mutum yana buƙatar tsawon ƙafa 6 kafin ya miƙe sosai. Mutum ɗaya faɗin ƙafa 3 ya ishe shi, uwa da ɗanta kuma ƙafa 4 da rabi. Ka bar hanyar wucewa a gefe, don baƙo zai tashi alwalar asuba cikin duhu.

Na uku katako. Ka sa a kifa maka kujerar ka leƙa ƙasanta, kar ka ji kunya. Katako mai nauyi irin maɗaci, wanda ya bushe sosai, shi ke daɗewa. Ɗanyen katako yana tsagewa da zarar iskar hunturu ta busar da shi, sai ka fara jin ƙara in an zauna. Allon nan na garin katako da ake matsewa shi kuma ruwa ne maganinsa, yana jiƙa zai kumbura ya rududduge. Duba ko an ɗaure mahaɗan da noti ko kusoshi kawai aka buga, sannan ka tambaya ko an shafa wa katakon maganin gara. In yi za a yi maka, ka fi samun kwanciyar hankali in ka bi kafintan zuwa 'yan katako, ko na Na'ibawa ne a Kano, ka ga abin da aka saya da idonka.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane: soso. Yadi yana rufe komai, ba ka ganin abin da ke ciki. Ingancin soso a nauyinsa yake, ba a kaurinsa kaɗai ba. Kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna yin soso hawa-hawa, kowane da farashinsa, don haka jin sunan kamfani kawai bai wadatar ba, ka tambayi wane mataki aka sa. Soso marar nauyi yana da laushi mai daɗi ranar farko, bayan 'yan watanni sai ya lotsa ya bar rami a inda aka fi zama. Gwajin ba wuya. Danna da gwiwarka da ƙarfi, in ka ji katako, wuce. In ka ɗaga ya dawo nan take, alama ce mai kyau. Kaurinsa kada ya gaza inci 5. Daga nan ka ce a buɗe ta, ka cire takalmi ka kwanta na minti biyar, ka juya dama ka juya hagu. Kula da tsagar da ke tsakanin mazauni da jingina, don ita ce ke cin bayan mutum. Ka buɗe ka rufe da kanka sau uku ko huɗu. In sai maza biyu sun kama kafin ta buɗe, ka tuna wata rana matar gida ce kaɗai za ta yi wannan aikin.

Yadi kuma yanayinmu ne zai zaɓa maka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce, daga Maris zuwa Mayu zafi, a watan Agusta kuma danshi, musamman mu da ke kudu maso yammacin Kano inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar, balle garuruwan da ke kusa da madatsar ruwan Challawa. Leda tana da sauƙin gogewa, amma a zafin Afrilu ba a iya kwanciya a kanta, kuma tana ɓarewa. Yadi mai gashi-gashi yana da kyau a hoto, sai dai yana shan ƙura. Nemi yadi mai matsattsiyar saƙa, launin toka ko ruwan ƙasa. Ɗaga shi a haske, in kana hango rana ta cikinsa sosai, ba zai jure ba. Abin da ya fi komai shi ne a ɗinka wa kushin riga mai zif da za a iya cirewa a wanke. In da hali ka sayi ƙarin yadi biyu irinsa ka ajiye, don in ka koma Kantin Kwari bayan shekara da wuya ka same shi.

Mu zo kulawa. Kada baƙo ya kwanta a kan yadin kai tsaye. Shimfiɗa bargo, sannan zanin gado, in da ƙaramin yaro a sa leda a ƙasa. Da safe a bar ta a buɗe ta sha iska kafin a naɗe, saboda zufa in ta maƙale a soso ita ke kawo wari da fumfuna. Duk mako a kakkaɓe da buroshi mai laushi, a juya kushin. In shayi ko kunu ya zube, kada a dirza, a danna da busasshen tsumma ya tsotse, sannan a goge da ruwan sabulu kaɗan, a fara gwadawa a ɓoyayyen gefe. Kada a kwarara ruwa, soso yana daɗewa bai bushe ba. Da damina a janye ta daga jikin bango kamar taƙi ɗaya, ƙafafunta kuma kada su zauna a jiƙaƙƙen siminti. 'Yan uwa mata, kaskon turaren wuta a nesanta shi da kujera, soso yana kamawa da wuta cikin sauri kuma hayaƙinsa guba ne.

Ba zan rufe ba sai na taɓo kuɗin cizo. Ba ruwansa da tsafta ko ƙazanta, a jaka yake zuwa, kuma kujerar da ake kwana a kai ita ce gidan da ya fi so. Bayan hidimar biki ka haska ɗinkin da mahaɗan katako da tocila, ka duba ko akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Kayan shimfiɗa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana mai ƙarfi. Don Allah kada a fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a kujera sannan a kwantar da mutum a kai, wannan yana kisa. In abin ya yi yawa a nemo masu feshi da suka san aikinsu. Haka in ta hannu za ka saya, wannan binciken shi ne farko.

In kuɗinka bai kai na mai inganci ba, kada ka matsa wa kanka. Sayi kujera ta gama-gari mai ƙarfi, ka haɗa da katifa mai kyau da za ka jingine a ɗaka sai baƙo ya zo. Araha ba ta ado, kuma katifa a ƙasa ta fi gadon da ke lotsawa.

Wanda ke da irin wannan kujera a gida, ya faɗa mana shekara nawa ta yi da abin da ya fara lalacewa a jikinta, don wasu su ƙaru. A tura wa mai shirin aure. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.