Yadda ake haɗa wa mararrabar layin dogo wuta a ƙananan jiragen ƙasa na wasa

A birnin Hamburg na ƙasar Jamus akwai wani gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a shekarar 2001, inda ƙananan jiragen ƙasa ke zirga-zirga a kan layin dogo mai tsawon fiye da kilomita 16. An ƙera su bisa ma'aunin 1:87, wato mita 87 na gaske sun koma mita ɗaya. Mararrabun da ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan sun haura 3,000 a wurin. Masu wannan sha'awa kuwa, ko a ɗakin gidansu suka shimfiɗa layin, sun san cewa a mararraba ne aiki ke yi musu gardama.

Da yawa daga cikinsu yanzu suna amfani da tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙira, ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka kuma ta amince da shi a farkon shekarun 1990. A wannan tsari wutar lantarki na gudana a ƙarafunan layin biyu ba yankewa, tana ɗauke da umarni, kowane kan jirgi kuma yana da dikoda mai lambarta da ke karɓar saƙon da aka aiko mata kaɗai.

Matsalar tana wurin da ƙarfen dama ke gitta na hagu, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan "kwaɗo". Idan aka yi shi da roba, babu wuta a wajen, ƙaramin kan jirgi mai tafiya a hankali sai ya cije. Idan na ƙarfe ne, dole a raba shi da sauran layin, a ba shi wayarsa, sannan a sa makunnin da zai riƙa sauya masa ɓangaren wuta duk lokacin da aka juya mararrabar. Kuskure kaɗan, wutar ɓangarorin biyu ta haɗu, na'urar sarrafawa ta katse wuta, jiragen duka su tsaya cak.

Injinan juya mararraba iri uku ne suka fi yawa. Mai maganaɗisu yana fizgar ƙarfen nan take da ƙara, amma yakan ƙone idan wuta ta daɗe a jikinsa. Akwai ƙaramin injin sabo mai arha. Sai mai juyawa a hankali, irin su Tortoise, da ake ɗaurawa ƙarƙashin teburi. Ga mai farawa shi ya fi dacewa, domin yana zuwa da makunnin kwaɗo a jikinsa.

Abin da sababbin shiga suka fi mantawa shi ne inda injinan ke samun wuta. Mutum kan ja musu waya daga layin dogon kansa don sauƙi. Ranar da jirgi ya kutsa mararrabar da ba a juya masa ba, wuta za ta ɗauke a layin, ta ɗauke a injin da zai gyara kuskuren, sai dai a miƙa hannu a ɗaga jirgin. Shi ya sa ƙwararru ke ja wa dikodojin mararraba wayarsu daban, su kuma raba layin shiyya-shiyya, kowace da na'urar katse wutarta.