Akori-kurar da Ta Yi Tafiya Ba Batir

A unguwar Mu'aizir da ke Al Rayyan, yamma da birnin Doha, wata akori-kura ƙirar GMC ta 1979 ta ɓace daga gindin katangar gidan mai ita. Direban gidan, wani matashi Bakatsine, shi ya fara lura da safiyar Asabar bayan sallar asuba. Wurin da take tsayawa fayau, makullanta biyu kuma na rataye inda suka saba. Maigidan ya tafi hutu ƙasar waje tun watan Yuli ya bar masa amanar motoci, don haka nan take cikin yaron ya ɗuri ruwa.

Motar ba ta wasa ba ce. Larabawan yankin suna kiran irinta Jims, kuma mai ita ya gaje ta ne daga mahaifinsa. Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihin Shehu Faisal bin Ƙasim Al Sani da ke Al Samriya, wanda aka buɗe a 1998, ya ga tsofaffin motoci fiye da 600 a jere suna ƙyalli, ya san yadda mutanen Katar ke riƙe irin wannan kaya.

Bayan ya kai rahoto wurin 'yan sanda, direban ya kira wani dattijon bakanike ɗan Kaduna da ke aiki a Sana'iyya, unguwar garejoji da masana'antu. Dattijon ya koyi aiki ne a kan akori-kurar Fijo 504, kuma shi ke duba Jims ɗin.

"Kawu, haɗa waya suka yi suka tashe ta," in ji yaron.

Zaton ba laifi. Motar 1979 ba ta da na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali, wadda Jamus da Ingila suka wajabta wa sababbin motoci a 1998. Amma dattijon ya ce, "Ɗan nan, ina batirinta?" Yana cikin sito. Sun cire shi tun farkon zafi, domin ranar da ke haura digiri 45 tana kashe batirin motar da ba a hawa. Ko da ɓarawo ya zo da nasa, akwai maɓallin ɓoye da Kawu ya dasa da hannunsa, mai yanke wutar da ke zuwa kwayil. Ga kuma ƙarfe a sitiyari. Uwa uba, injin mai silinda takwas ba ya tashi a ɓoye, duk layin sai ya ji.

Na'urar bin sawu fa? Daga batirin motar take shan wuta. Ranar da aka cire shi aka fara ƙirga kwanakinta, kuma ta daɗe da yin shiru ba wanda ya duba.

Sai dattijon ya tsuguna yana kallon ƙasa. A cikin ƙurar gefen titi akwai layi biyu masu faɗin taya, a goge sumul, babu zanen taya ko kaɗan. Sun yi baya kamar taku huɗu, suka yanke. Tayar da ke juyawa tana barin zanenta, wadda aka ja a kulle kuwa sharar ƙasa take yi. Giyar na kan fakin, ƙafafun baya ba su juya ba. Inda layin ya yanke, nan ne motar ta hau bayan janwe, irin mai shimfiɗaɗɗen baya da igiyar ƙarfe da ake kira sadaha a can.

Nan yaron ya ɗan sami sauƙi, ya ce ko baladiyya, wato hukumar gari, ce ta ɗauke. Lallai a Katar hukuma na kwashe motocin da aka yasar a titi, bisa dokar tsaftar gari mai lamba 18 ta 2017, kuma Jims ɗin ta yi makonni ba wanki, ƙura ta rufe gilashinta. Amma kafin a ɗauka akan manna takardar gargaɗi a jikin mota, shi kuwa bai ga ko ɗaya ba. Aka bincika, ba ta wurinsu. Duk da haka zaton ya buɗe wata ƙofa. Maigadin gidan da ke kallonsu ya ce ai ya ga ana loda ta jiya bayan an sauko daga Juma'a, lokacin da direban ya tafi gaishe da 'yan'uwa. Bai ce uffan ba, domin mota mai ƙura a bayan janwe ba baƙon abu ba ne. A ganina nan ne ɓarawon ya fi yin wayo, domin ya san ba mai tare janwe ya tambaye shi.

Kyamarar ƙofar gidan da yake gadi ta kama lambar janwen, 'yan sanda suka gano mai shi. Bawan Allah, aikin haya ya yi. Wani ne ya kira shi ya ce giyar motarsa ta lalace, makulli kuma ya ɓata, ya nuna masa hoton istimara, katin rajistar motar, a wayarsa.

Katin yana cikin aljihun tebur ɗin maigida. To wa ke da hotonsa?

Direban ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ni na tura." Wata biyu da suka wuce wani mutum ya tsaya yana yaba motar, ya yi tayi mai tsoka, ya nemi hoton katin wai zai duba lambar shasi. Ya kuma tambaya cikin fara'a yaushe maigida zai yi tafiya, don su gama ciniki kafin nan. Saƙon da lambarsa na nan a WhatsApp.

Mai janwen ya nuna filin da ya sauke ta a Sana'iyya. An riga an kwance ragar gaba, bamba biyu da murfin bayan akori, domin kayan motar da aka daina ƙerawa tuntuni suna da masu nema, kuma bamba ba ta ɗauke da lambar shasi da za ta tona asiri. Inji da jiki suna nan lafiya.

Da maigidan ya dawo bai sallami yaron ba. An shigar da motar cikin gida an juya gabanta ga bango, aka sa wa ƙafa ɗaya mari na ƙarfe, Kawu kuma ya ɓoye sabuwar na'urar bin sawu mai batirin kanta. Wanki ya koma duk Alhamis.