Fitsari na iya tona asirin sankarar mafitsara tun kafin ta bayyana

Wanda aka yi wa aikin sankarar mafitsara bai gama da asibiti ba. Cutar na yawan dawowa, shi ya sa likitoci ke kiran majinyaci duk bayan wata uku a farko, su zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari har cikin mafitsara su duba. Akwai zafi, akwai tsada, kuma dole sai da ƙwararren likita. Ana iya shafe shekaru ana haka.

Tsohon gwajin fitsari da ake duba ƙwayoyi da madubin likita yana kama sankara mai tsanani, amma ƙananan ƙari kan kuɓuce masa. Sabuwar dabarar ta fi zurfi. Ƙarin da ke cikin mafitsara a jiƙe yake da fitsari dare da rana, yana zubar da ɓurɓushin DNA, wato rubutun da ke tsara halittar kowace ƙwaya. Rubutun sankara na ɗauke da kurakurai da lafiyayyar ƙwaya ba ta da su. Wanda aka fi nema shi ne na wani sashe da ake kira TERT, domin ana samun sa a mafi yawan masu cutar. Akwai kuma FGFR3.

Binciken da ya fi jan hankali ya fito a 2020 daga cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa. A lardin Golestan na Iran an karɓi fitsarin wasu mutane suna lafiya lau, aka adana. Daga baya wasunsu suka kamu. Da aka koma ga tsohon fitsarin mutum 30 daga cikinsu, sai aka ga kuskuren TERT a na 14, wani ma shekara 10 kafin a gano cutar. A cikin mutum 101 da ba su kamu ba, ko ɗaya gwajin bai yi wa ƙage ba. Abin a yaba ne, sai dai fiye da rabin masu cutar sun wuce bai gan su ba, kuma mutum 30 ba yawa ba ne. Don haka har yanzu bututun bai yi ritaya ba. Fatan masu bincike shi ne a rage yawan zura shi.

A wajenmu maganar na da wata fuska. A Turai da Amurka taba sigari ce kan gaba wajen haddasa cutar. A bakin kogin Kwara, da tafkuna da fadamun noman rani, akwai tsargiya, wadda ita ma an tabbatar tana jawo sankarar mafitsara idan ta daɗe a jiki. Irin sankarar da take haifarwa ya bambanta, kuma galibin gwaje-gwajen nan an auna su ne a kan nau'in da ya fi yawa a can.

Ga kuma sabo. Wanda ya tashi yana ganin fitsarin jini a ƙuruciya kan ɗauke shi ba komai ba, alhali a jikin babba shi ne alamar farko ta wannan cuta, sau da yawa ba tare da ciwo ba. Mai aiko wa iyaye kuɗin magani daga waje, idan ya ji an ce tsoho na fitsarin jini, kuɗin nan na ganin likita ne, ko da jinin ya ɗauke da kansa.