DAGA AJIYE DOSIYE ZUWA SA HANNU A KONTARA

Kowace shekara samari da ƴan mata masu yawa suna fitowa daga lakwal da cibiyoyin koyon sana'a, kowa da takardar shaidarsa a hannu. Gwamnati ba ta iya ɗaukar kowa, saboda haka da dama sai su nufi kamfanoni a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Amma shiga aikin kamfani yana da matakai, kuma wanda bai san su ba yakan rasa aiki, ko ya samu aikin a cuce shi.

Matakin farko shi ne rajista a ofishin ANPE, hukumar da aka ɗora wa nauyin haɗa masu neman aiki da masu ɗauka. Can ake ba da katin mai neman aiki, can kuma ake liƙa sanarwar kamfanoni. Daga nan sai haɗa dosiye. Galibi ana buƙatar wasiƙar neman aiki, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai nuna mutum ba ya da laifi a kansa wadda ba ta wuce wata 3 ba, kwafin diploma da hukuma ta buga wa hatimi, da taƙaitaccen tarihin karatu da ayyukan da mutum ya taɓa yi. Wanda ba a yi wa takardar haihuwa ba yana iya neman hukuncin alƙali da zai maye gurbinta. Ya kamata a fara wannan da wuri, domin dosiyen da bai cika ba tun a teburin sakatare ake ture shi gefe.

Waɗanda aka zaɓa akan yi musu jarrabawa. Direba zai tuƙa mota, akawu zai yi lissafi, mai gyaran inji za a ba shi inji. Bayan haka ne ake kiran mutum ganawa da darekta ko shugaban sashen ma'aikata. Tambayoyin ba su cika canzawa ba: ina ya yi karatu, me ya iya, don me ya bar wurin aikinsa na da, me ya sani game da wannan kamfani, nawa yake so a biya shi. Masu ɗaukar aiki suna duban zuwa kan lokaci, tsabtar tufafi da natsuwa wajen amsa. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne cika baki. Wanda ya ce ya iya abin da bai iya ba, ranar farko ta aiki za ta tona shi, don ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka kuma zagin tsohon maigida ba ya ƙara wa kowa daraja a idon sabo.

Mai neman aiki shi ma yana da haƙƙi. Dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta hana a ƙi ɗaukar mutum saboda jinsi, addini, asali, ra'ayin siyasa, naƙasa, cutar sida ko amosanin jini. Ba a sayen aiki da kuɗi. Duk wanda ya nemi a ba shi goro kafin ya shigar da dosiye, ko ya ce yana da hanya a wurin darekta, a yi hattara da shi.

In an yi dace, sai batun kontara. Akwai mai ƙayyadadden lokaci, akwai wadda ba ta da wa'adi. Sau da yawa akan fara da lokacin gwaji, wanda dole a rubuta shi, kuma ana biyan albashi a cikinsa. Kafin sa hannu, wajibi ne ma'aikaci ya karanta, ko ya sa a fassara masa da Hausa, ya san matsayinsa, albashinsa da wurin aikinsa. A ƙa'ida awa 40 ake aiki a mako. Mafi ƙarancin albashi, wanda yake jika 30 da ƴan kai tun 2012, an ɗaga shi zuwa jika 42 daga Janairun 2024.

Abu na ƙarshe, wanda mutane suka fi sakaci da shi, shi ne rajista a asusun CNSS. Nauyin kamfani ne ya rubuta sabon ma'aikaci, ya riƙa zuba kasonsa tare da abin da aka cire daga albashi. Daga wannan asusu ake biyan kuɗin iyali, diyyar hatsari a wurin aiki da fansho. Ma'aikacin da ya yi shekara 20 ba lamba, ran da ƙarfi ya ƙare zai koma gida hannu rabbana. Saboda haka ya nemi lambarsa tun watan farko, ya adana takardun albashinsa duka. In kamfani ya ƙi, ofishin sufeton ƙwadago na jiharsa a buɗe yake, kuma kai ƙara can ba ya cin ko dala.