Daga Littafin Malamin Maigida Zuwa Harshen Kwamfuta: Sabon Salon Lissafi A Sabon Ibadan

Duk Bahaushen da fatauci ya taɓa kai shi ƙasar Yarabawa ya san unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda mutanenmu suka fi kira Badun. An keɓe wa Hausawa wannan unguwa, kusa da Mokola, cikin 1916, kuma tun daga lokacin ta zama mahaɗar fataken shanu masu gangarowa daga Arewa da masu sayen goro su kai can. A yau an fi saninta da 'yan canji. To, ko shanu ne, ko goro, ko dala, jarin unguwar guda ne, watau amana da kiyaye lissafi. Abin da ya sauya shi ne mai karanta lissafin, da kuma harshen da yake so a yi masa magana da shi.

Yadda aka saba

Wani masanin zaman jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo cikin 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kan unguwar cikin 1969. Ya nuna cewa yawancin cinikin shanu bashi ne. Falke ya sauka gidan maigidansa, dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa, a sa ranar biya, shi kuwa maigida ya tsaya lamuni. Ba banki, ba lauya. Malamin maigida ne ke rubuta wanda ya saya, da kuɗin, da ranar alkawari. Mahaucin da ya ci bashi ya ƙi biya, kafin wani lokaci labarinsa ya game kara, ba mai sake ba shi ko maraƙi.

Wannan littafi na mutum biyu ne, malami da maigidansa. In malamin ya taƙaice suna, ko ya sa wata alama da shi kaɗai ya san ma'anarta, ba wanda ya cutu. Amma yanzu an sami na uku mai son dubawa, watau hukuma, ita kuwa ba mutum take sawa ya karanta ba, kwamfuta ce.

Abin da doka ta ce

Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna da kamfanonin canji su kai rahoton duk cinikin da ya wuce Naira miliyan 5 na mutum ɗaya, ko miliyan 10 na kamfani, cikin kwana bakwai. Cinikin da aka yi shakkarsa kuwa, kome ƙanƙantarsa, shi ma sai an kai labarinsa. Mai karɓar rahoton ita ce hukumar NFIU da ke Abuja, wadda aka ba ta cin gashin kanta cikin 2018.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan wasa. Ran 1 ga Maris na 2024, Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya, kuma cikin laifuffukan da ya lasafta har da rashin kai rahoto kan kari. Cikin Mayun shekarar ya fito da sababbin ƙa'idodi, inda ya ɗaga jari zuwa Naira biliyan 2 ga manya, da miliyan 500 ga masu aiki a jiha ɗaya. Daɗin daɗawa, hukumar duniya mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗi, FATF, ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake tuhumar tsarinsu a Fabrairun 2023, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025. Saboda haka ba a sa ran hukuma za ta sassauta.

Jadawali da shaida

Da yawa cikin akawunan zamani sun ajiye biro sun koma jadawalin kwamfuta, galibi Excel. Wannan dabara ta fara ne da VisiCalc a Amurka cikin 1979, Excel kuwa ya fito cikin 1985. Fasalinsa daidai yake da littafin akawu: layi-layi a kwance, kowane layi ciniki ɗaya, sa'an nan jeri-jeri a tsaye, na suna, na kuɗi, na kwanan wata. Mutum ya duba kan jeri ya gane abin da ke ƙasa.

Ita kuwa NFIU da manhajar goAML take aiki, wadda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka ya ƙirƙira. Hanya biyu take karɓar rahoto. Ko dai akawu ya zauna ya cika fam a intanet, ciniki bayan ciniki, ko kuwa ya aika da su gaba ɗaya cikin wani tsarin rubutu da ake kira XML, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa cikin 1998.

Wanda ya san safarar goro ba zai sha wuyar gane XML ba. Kowane huhu da shaidar mai shi a jikinsa, don haka ko an cakuɗa huhuna ɗari cikin mota ɗaya, ba a rikicewa wajen saukewa. Haka nan a XML, kowane ɗan bayani yana tafe da shaidarsa gaba da baya: wannan suna ne, wannan adadin kuɗi ne, wannan rana ce. Kuma ana sa wani cikin wani, watau ciniki ya ƙunshi mai saye, mai saye ya ƙunshi adireshinsa da katin shaidarsa. Hukuma kan ba da ma'auni, wanda ya fayyace shaidar da za ta fara zuwa, da wadda ba a yarda a bar ta fanko ba. Rahoton da ya saɓa wa ma'aunin nan, na'ura za ta maido shi.

Sa na'ura ta yi juyin

Kwafe ciniki ɗari da hannu aikin yini ne, ga shi kuma ido kan gaji, yatsa kan zame. Maganin wannan shi ne a tsara hanya sau ɗaya, yadda kullum za a danna maɓalli jadawali ya juye ya zama XML. Aikin mataki huɗu ne. Na farko, a daidaita jadawalin: layi ɗaya ciniki ɗaya, kada a haɗe gurabu, kada a rubuta sharhi a jerin kuɗi. Na biyu, a haɗa kowane jeri da shaidar da ta dace da shi. Na uku, a fitar da rahoton. Na huɗu, a gwada shi da ma'aunin hukuma kafin a aika.

Tun fitowar 2003 Excel yana iya yin wannan haɗi da kansa, amma ƙarfinsa ya tsaya ga jadawali shimfiɗaɗɗe. In jeri ya shiga cikin wani jeri, misali ciniki da yawa kowanne da mutane da yawa, sai ya gaza. A nan ne ake bukatar ɗan gajeren umurni, wanda mai ilmin abin zai rubuta da VBA ko Python, ya riƙa bin layukan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura wa kowane bayani shaidarsa.

Inda ake tuntuɓe

Sai dai fa abin da ka shuka shi za ka girba. Lambar waya da ta fara da sifiri, ko lambar asusun banki mai alƙaluma goma, in ba a gaya wa Excel cewa rubutu ce ba, zai share sifirin, lambar ta lalace. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuwa, zai mai da na ƙarshenta sifiri ba tare da ya faɗa ba. Kwanan wata ma tarko ne, gama 3/4 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris, shi ya sa ake fara rubuta shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana. Sunayenmu masu ƙ da ɗ da ɓ, da na Yarabawa masu ɗigo a ƙasa, sai an adana su da tsarin UTF-8, in ba haka ba su fito kamar zanen kaza. Sa'an nan a tsai da rubutu ɗaya ga sunan kowa, daidai da na katinsa, kada yau Muhammadu gobe Mamman.

Har manyan ƙasashe sun ƙone a nan. Cikin 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiya ta Ingila ta ɓatar da sakamakon mutum kusan 16,000 masu ɗauke da cutar, don kawai an zuba bayanan cikin tsohon samfurin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Aikin yana tafiya da kansa, ba wanda ya tsaya ya ƙirga. Darasin shi ne, kullum akawu ya gwada adadin layuka da jimlar kuɗin jadawali da na rahoton da ya fita.

Shawara

Wannan guguwa ba ga 'yan canji kaɗai ta tsaya ba. Cikin 2025 hukumar haraji ta Tarayya ta fara tilasta wa manyan kamfanoni su riƙa ba da rasit ta na'ura bisa irin wannan tsari, kuma mai hulɗa da su ba zai daɗe bai ji a jikinsa ba. Ya kamata shugabannin Sabo da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa kai su horar da 'ya'yan unguwa, maimakon kowa ya kwashe asirin abokan cinikinsa ya miƙa wa baƙo a shagon kwamfuta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan mai riƙe da su. Kakanninmu sun ɗauki malamai masu amana suka riƙe musu littafi, kuma da haka unguwar ta yi suna. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Allah ya sa albarka cikin nema, amin.