3.2 Koyar da Siffofin Lissafi ta Hanyar Littattafan Hotunan Dabbobi

A sashen da ya gabata an yi bayani a kan matsayin hoto a littattafan yara. A nan kuma za a duba yadda ake amfani da hotunan dabbobi wajen koya wa yara ƙanana, wato 'yan shekara uku zuwa shida, siffofi irin su da'ira da murabba'i da alwatika da mustaɗili. Manufar ita ce a gano inda wannan hanya take da amfani, da kuma inda takan ɓatar da yaro idan malami bai yi hattara ba.

3.2.1 Yadda Yaro Yake Fara Gane Siffa

A shekarar 1957 wasu malaman lissafi 'yan ƙasar Holan, miji da mata, wato Pierre van Hiele da Dina van Hiele-Geldof, suka gabatar da kundayen digirinsu na uku a Jami'ar Utrecht. Daga aikinsu ne aka sami ra'in da ya kasa fahimtar siffofi zuwa matakai biyar, amma biyun farko ne suka shafi wannan nazari. A mataki na farko da ido kawai yaro yake yanke hukunci: zai ce wannan mustaɗili ne domin ya yi kama da ƙofa, wancan da'ira ce domin ta yi kama da faifai. Sai a mataki na biyu yake fara lura da cewa alwatika gefe uku gare ta da kusurwa uku, ko yaya aka juya ta. Abin lura a nan shi ne, a ganin waɗannan masana, ba yawan shekaru ne yake ɗaga yaro daga mataki zuwa mataki ba, koyarwa ce da kalmomin da aka ba shi.

Har ila yau, binciken da Douglas Clements da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1999 ya nuna cewa yara ƙanana ba su cika kuskuren da'ira ba, murabba'i ma da dama-dama, amma alwatika da mustaɗili sun fi ba su wahala. Yaro yakan karɓi alwatikar da gefunanta suka daidaita, tana zaune a kan gindinta, amma in aka kifa ta, ko aka zana ta siririya doguwa, sai ya ce ba ita ba ce.

3.2.2 Misalai Daga Littattafai Biyu

Littafi na farko shi ne Color Zoo na Lois Ehlert, wanda aka buga a Amurka a 1989, yana kuma cikin waɗanda kwamitin kyautar Caldecott ya yaba wa a 1990. Dabbobi tara ne a cikinsa da siffofi tara. An huda tsakiyar kowane shafi da siffa guda, aka jera shafukan a kan juna, ta yadda ramukan suka haɗu suka ba da fuskar dabba. Da yaro ya buɗe shafi, siffa ɗaya ta fita, sai fuskar ta rikiɗe ta zama ta wata dabbar. Amfanin wannan a fili yake, domin yaro zai sa yatsa ya bi bakin ramin, ya ji inda ya miƙe da inda ya karye, kuma wannan shi ne mafarin ƙidayar gefe da kusurwa.

Sai dai kuma littafin yana da rauni. Kowace babbar siffa fuska ɗaya take nunawa, a zaune daram yadda aka saba ganinta. Bugu da ƙari, an jera siffar zuciya da ta daimon, wadda 'yan karta suke kira zi, tare da murabba'i da alwatika, kamar dai matsayinsu ɗaya a lissafi. Ta daimon ɗin ta fi zama matsala, domin yaron da ya riƙe wannan suna, in aka tsayar masa da murabba'i a kan kusurwarsa, sai ya ce ai ya tashi daga murabba'i ya koma daimon, alhali kuwa babu abin da ya canja sai zamansa.

Littafi na biyu shi ne Grandfather Tang's Story na Ann Tompert, na shekarar 1990. An gina shi a kan wasan tangram na ƙasar Sin, inda ake yanka murabba'i ɗaya gida bakwai: alwatika biyar (manya biyu, matsakaiciya ɗaya, ƙanana biyu), da ƙaramin murabba'i, da wata siffa mai gefe huɗu mai kama da mustaɗilin da ya karkace. A cikin labarin wasu yanyawoyi biyu ne suke rikiɗa zuwa dabbobi iri-iri, kamar zomo da kare da kunkuru da kada, kuma da waɗannan guntaye bakwai ake haɗa kowace dabba.

A ganin mai wannan nazari, a nan ne dabba ta fi yin rana. Alwatikar da ta zama kunnen wata dabba tana tsaye, ita ce za ta kwanta ko ta kife ta zama wani sashe na jikin wata dabbar. Dabba ba ta da zama ɗaya, saboda haka dole siffa ta juya tare da ita. Yaron da ya ɗauki guntun da hannunsa ya mai da shi daga kunne zuwa wutsiya ya ga zahiri cewa juyi ba ya canja siffa, abin da zai yi wuya a fahimtar da shi da baki kawai.

3.2.3 Abin da Ya Shafi Yaron Bahaushe

Waɗannan littattafai da Ingilishi aka rubuta su, don yaran wata ƙasa. Fassara su kai tsaye tana da nata cikas. Alal misali, dabbar da ta buɗe littafin Ehlert ita ce damisar Asiya mai ratsi-ratsi, alhali damisar da Bahaushe ya sani a tatsuniya da karin magana mai ɗigo-ɗigo ce. Idan dabbar baƙuwa ce ga yaro, siffar ma baƙuwa, an ɗora masa kaya biyu ke nan a lokaci guda. Ya fi kyau a ɗauki dabarar, a zuba ta a kan zakara da akuya da raƙumi da kunkuru da kura.

Sunayen siffofin ma abin dubawa ne. Da'ira da murabba'i da mustaɗili duk aro ne daga Larabci, kuma ɗan shekara huɗu ba ya jin su a gida, balle su nuna masa yawan gefe. Don haka ya kamata malami ya fara da “mai kusurwa uku” da “mai kusurwa huɗu”, sunayen da suke ɗauke da ma'anarsu, sannan daga baya ya kawo na littafi. Haka kuma tambayar “me wannan ya yi kama da shi?” ba ta isa ba, sai an bi ta da “yaya aka yi ka sani?”, domin ita ce take sa yaro ya koma ya ƙirga.

Ta fuskar kuɗi kuwa, ba sai an sayo littafi daga waje ba. Kwalin sabulu da almakashi sun isa a yanka guntaye bakwai na tangram, kowane yaro ya sami nasa, malami ya ba da tatsuniyar zomo da kura, yara suna haɗa dabbobin a kan tabarma yana zagayawa yana tambayarsu wace siffa ce ta zama kunne.